Sihiri, Bauta da Tsawa: Asalin Kalmomin Burgewa a Turanci

Makonni kaɗan da suka wuce, wata ɗaliba da nake duba wa rubutun Turanci ta kawo mini wata jimla da ta hana ta sakat. Labarin wasu yara take rubutawa, waɗanda aka fitar da su kallon sama da daddare, aka jera su a bayan madubin hangen nesa, kowannensu ya kafa ido ya ga ramuka da tsaunukan da ke fuskar wata karo na farko a rayuwarsa. Da fari ta sa kalmar *happy*, sai ta ga ta yi wa abin kaɗan, domin yaron da ya ga irin wannan sakin baki yake yi ya manta da inda yake, abin ya wuce murna. Sai ta buɗe ƙamusun nan da ke tara kalmomi masu makusanciyar ma'ana, shi kuma ya zazzago mata su: *enchant*, *enthrall*, *captivate*, *enrapture*, *entrance*, *fascinate*, *mesmerize*, *bewitch*, *spellbind* da *ravish*. Ta ɗauki ta ƙarshen, domin a cewarta ita ce ta fi cika baki. Na ce mata ta goge ta tun kafin mu ci gaba da magana. Ta goge, amma ba ta gamsu ba. Ta ce, "Malam, ba duk abu ɗaya suke nufi ba? Ai a layi guda littafin ya jera su."

Amsar da na ba ta a ranar ko ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Kunnena ya daɗe da sanin cewa waɗannan kalmomi ba sa zama a mazaunin juna, amma da aka ce in faɗi dalili sai na shiga kame-kame. Ban ga laifin littafin ba. Tun lokacin da likitan nan ɗan Ingila, Peter Mark Roget, ya fitar da nasa a 1852, aikin irin wannan ƙamus tunatarwa ne: yana amfanar marubucin da ya riga ya san kalmomin, wadda yake nema ce kawai ta ɓace masa. Mai koyo kuwa sai ya zama kamar wanda aka miƙa wa tarin mabuɗai ba a nuna masa ƙofar kowanne ba. Saboda haka na koma ga ƙamusoshin da ke bin diddigin asalin kalmomi, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na tarar shi ya zaunar da ni rubuta wannan. Da wuya ka sami guda a cikinsu da ta faro daga farin ciki. Wasu daga sihiri suka fito, wasu daga kamun yaƙi da bauta, wasu daga fizge da ƙwace, wata ma daga bakin mutuwa. Wannan tsohon asalin kuwa, ko da masu harshen da yawa sun manta da shi, shi ne har yau yake yanke inda kowace kalma za ta zauna da inda ba za ta zauna ba.

Dangin sihiri su suka fi yawa. *Enchant* ta shigo Turanci ta hannun Faransanci a ƙarni na 14, kuma tushenta kalmar Latin ce, *incantare*, wadda a cikinta akwai *cantare*, rera waƙa. Ma'anarta ta farko ita ce a rera wa mutum wasu kalmomi domin a juya shi yadda ake so, abin da za mu kira surkulle, kuma 'yar ɗakinta *incantation* har gobe surkullen take nufi. *Charm* ma haka take, daga *carmen* ta fito, wato waƙa ko baiti. Rumawa ba su ɗauki wannan da wasa ba, domin dokokinsu na farko da aka rubuta, waɗanda ake kira Alluna Goma Sha Biyu, na wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa, sun tanadi hukunci a kan wanda ya rera wa wani muguwar waƙa. Kalmar da ta taɓa kai mutum gaban alƙali ita ce yau ake yabon ɗan ƙaramin gida mai kyan tsari da ita, ko mutum mai daɗin mu'amala, ko da yake ba ta saki tsohuwar sana'arta gaba ɗaya ba, tunda har yanzu laya *charm* ce a Turanci, mai wasa da maciji kuma *snake charmer*. Abin da waƙar ta bari a jikin waɗannan kalmomi biyu shi ne taushi. Ana siffanta lambu ko daren farin wata ko muryar yaro da *enchanting*, amma ba a faɗin haka ga gobara ko gardamar majalisa, komai yadda suka ɗauke hankali.

*Fascinate* ta bi wata hanya dabam, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. A Latin *fascinare* na nufin a cuci mutum da ido ko da baki, kusa da abin da muke kira kambun baka, kuma da wannan ma'anar ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16. An daɗe ana amfani da ita wajen bayyana tsohon camfin nan cewa maciji yakan kafa wa tsuntsu ido har ya kasa tashi. Tsuntsun ba daɗi yake ji ba, kawar da kai ne ya gagare shi, kuma a kan wannan kalmar take tsaye har yau. Likita yana iya zama *fascinated* da wata muguwar cuta, masanin tarihi da wani azzalumin sarki, mai wucewa da haɗarin mota a gefen hanya, ba tare da ɗayansu ya so abin ba. Kalma ce ta hankali da son sani, ba ta da ruwa da ƙauna.

*Bewitch* ba ta ɓoye komai ba, mayyar tana nan zaune a cikinta, tunda ma'anar *witch* ke nan. Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da ita shi ne lokacin da aka fara aron ta domin yabon kyau. Da na ɗauka sai da Turawa suka daina tsoron maita sannan suka mayar da kalmar abin ado, ashe na yi kuskure. Majalisar Ingila ta yi dokokin hukunta maita a 1542 da 1563 da 1604, an rataye mutum 19 bisa wannan zargi a garin Salem a 1692, a ƙasar da daga baya ta zama Amurka, kuma sai a 1736 aka daina hukunta maita a dokar Birtaniya. Amma tun a ƙarni na 16 mawaƙa suke siffanta kyan mace da wannan kalma. A wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna *Othello*, wanda aka nuna a fadar sarki a 1604, shekarar da aka tsananta dokar, uban yarinya ya kai ƙara cewa da asiri aka janye masa 'ya, shi kuma wanda ake zargi ya amsa cewa labarin rayuwarsa kawai ya riƙa ba ta, in akwai sihiri to iyakarsa ke nan. Masu kallo na wancan zamani sun san cewa irin wannan zargi yana iya kai mutum ga igiya. Daga tsoro na gaske aka aro ƙarfin kalmar, shi ya sa har yau *bewitching* take ɗauke da ɗan gargaɗi: kyau ne mai iya kai mutum ya baro.

Wannan dangantaka ta labari da sihiri tana cikin harshen kansa. A tsohon Turanci *spell* labari ko zance kawai take nufi, kuma ita ce ke ƙarshen kalmar *gospel*, wadda asalinta kyakkyawan labari ne. Daga baya ta koma nufin kalmomin da ake furtawa a yi asiri da su, *spellbound* kuma ya zama wanda aka ɗaure da irin waɗannan kalmomi har ya kasa motsi. A Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19, har laƙabi aka yi wa 'yan siyasa masu baiwar magana da ke yawon kamfe, ana ce musu *spellbinders*, masu ɗaure taro da baki. Akwai ma wata mai ban dariya a wannan dangi. *Glamour*, kalmar ƙyalli da ado ta 'yan fim, ba kowa ba ce face *grammar*, wato nahawu, da ta sauya kama a bakin mutanen Sikotland. A zamanin da ilimi duk a Latin yake kuma masu karatu ba su da yawa, talaka ya ɗauka duk mai buɗe manyan littattafai yana da wani asiri, sai kalmar ta koma nufin rufa-ido, marubucin nan Walter Scott kuma ya yaɗa ta a farkon ƙarni na 19. Da na gaya wa ɗalibata wannan, cewa ta yi ita dai ba ta taɓa ganin wani ƙyalli a darasin nahawu ba.

Dangi na biyu sun fi na farko nauyi a rai. *Captivate* da *captive*, fursunan yaƙi, uwa ɗaya uba ɗaya suke, duka daga kalmar Latin mai nufin kamawa. *Enthrall* kuwa ta wuce kamu ta kai ga bauta. *Thrall* bawa ne, kuma kalmar ta shigo daga harshen 'yan Viking, maharan arewacin Turai waɗanda ake ɗaukar harinsu a kan tsibirin Lindisfarne a 793 a matsayin mafarin zamaninsu a Ingila. Sun riƙa kwasar mutane suna sayarwa, har birnin Dublin ya zama babbar kasuwar bayi a hannunsu. Idan mai sharhin littattafai ya rubuta yau cewa wani labari *enthralling* ne, yabo yake yi iyakar yabo, amma abin da bakinsa ya furta a zahiri shi ne littafin ya bautar da shi. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, tana nan a furucin *in thrall to*, wanda ake faɗa game da gwamnatin da masu kuɗi suka mallake ko mutumin da wata ɗabi'a ta fi ƙarfinsa, kuma babu yabo ko kaɗan a ciki. Kamu na lokaci ɗaya ne, bauta kuwa zama ce mai tsawo, kuma a nan kalmomin biyu suka rabu: *captivate* ta dace da murmushi ko murya ko kallo guda, abin da ke cafke mutum nan take, *enthrall* kuma tana son abin da ake daɗewa a cikinsa, kamar labari ko fim ko wasan ƙwallon da ba a san gwani ba sai an tashi. Ga mai rubutu, Birtaniya da harafin *l* ɗaya take rufe ta, Amurka da biyu.

Yanzu sai kalmar da na sa aka goge. Latin na da aikatau *rapere*, fizge abu da ƙarfi a gudu da shi, kuma ta haifi 'ya'ya da yawa a Turanci waɗanda ba ka ce 'yan gida ɗaya ba ne. Daga gare ta aka sami *raptor*, tsuntsu irin shaho da gaggafa, da *rapid*, mai sauri, da *rapt*, wanda hankalinsa ya tafi kacokan ga abin da yake saurare, da *rapture* da *enrapture*. Hoton da ke cikinsu ɗaya ne, na ɗan tsakon da shaho ya sura. Addini ne ya ɗaga darajar wannan hoto. A fassarar Baibul ta Latin da ake kira Vulgate, da wannan aikatau aka bayyana mutumin da aka ɗauke zuwa sama ta uku a wasiƙar Bulus ta biyu ga Korintiyawa, kuma *rapture* ta zama sunan halin da mai ibada ke shiga idan shauƙi ya fizge shi daga duniyar da yake ciki. *Enrapture*, wadda ta zo daga baya a ƙarni na 18, ta gaji wannan girma. Ita ce mafi tsayi a cikin jerin, kuma a ganina ita ce ta fi kusa da ma'anar a cika mutum da daɗi har ya rasa inda zai sa kansa. Ta dace da kiɗa mai ratsa jiki, da ibada, da soyayya a farkonta. In aka ɗora ta a kan sabuwar waya sai ta zama abin dariya.

*Ravish* 'yar wannan gida ce da ta biyo ta Faransanci, amma ita ba ta wanku ba. Tun da daɗewa take ɗauke da ma'ana biyu, ta cika mutum da daɗi da ta sace mace a yi mata fyaɗe, kuma kalmar *rape* kanta daga wannan saiwa take. Mai karatu na yau in ya ga *ravished* a jikin mutum, ma'ana ta biyun ce ke fara zuwa masa, balle a jikin yara. Sifar *ravishing* ce ta tsira, ana faɗinta game da kyan mace baliga ko daɗin kiɗa ba tare da kowa ya ji wani iri ba. Wannan shi ne abin da ƙamusun ɗalibata bai gaya mata ba.

Ɗauke mutum daga inda yake ya sake fitowa a wasu kalmomin. *Transport*, wadda muka sani da sufuri, tana da tsohuwar ma'ana a adabi, inda ake cewa *transports of joy*, murnar da ta yi jigilar mutum zuwa wani wuri, alhali da kalmar nan ce alƙalan Birtaniya suka riƙa yanke wa masu laifi hukuncin kora zuwa Ostireliya, inda jiragen fursunoni suka riƙa sauka daga 1788 zuwa 1868. *Ecstasy* daga Girkanci take, tsayuwa a wajen kai, wato mutum ya fita daga hayyacinsa. *Trance* kuma, tushen aikatau *entrance*, ta fito daga kalmar Latin mai nufin ƙetarewa, kuma a tsohon Faransanci ƙetarewar har da ta barin duniya. Wanda ya zama *entranced* yana tsaye, idonsa buɗe, amma kamar ba ya nan.

Ƙarni na 18 da na 19 sun ƙaro wasu kalmomin, wannan karon daga ɗakin likita, ko da yake ba su yi wa sihirin nisa ba. Franz Anton Mesmer likita ne Bajamushe, an haife shi a 1734, ya yi karatu ya kuma fara aiki a Vienna, sannan ya koma Paris a 1778 da wata da'awa, wai akwai wani ruwa marar ganuwa mai kama da ƙarfin maganaɗisu da ke gudana a jikin duk mai rai, cuta kuma toshewar wannan ruwa ce. Masu hannu da shuni suka yi tururuwa zuwa wurinsa. Yakan zaunar da marasa lafiya kewaye da wani babban baho na katako mai sandunan ƙarfe, ana kiɗa a hankali cikin ɗaki mai duhu-duhu, shi kuma yana zagayawa yana kafa musu ido yana wasa da hannu a gabansu, har wasu su sume, wasu su kama karkarwa. A 1784 Sarki Louis na 16 ya naɗa kwamitin bincike wanda ya haɗa da Benjamin Franklin da masanin sinadarai Antoine Lavoisier. Suka rufe wa mutane ido suka gwada su, suka ga wanda ya ɗauka ana yi masa aikin yakan faɗi ko ba a yi masa komai ba, wanda kuma aka yi wa bai sani ba ko gezau, sai suka yanke cewa babu wani ruwa, tunanin mutum ne ke aiki a kansa. Mesmer ya rasu a 1815 masana sun juya masa baya, amma sunansa ya rayu a *mesmerize*. Kalmar ta riƙe yanayin ɗakin nan, domin tana son abu mai maimaituwa da ke lallaɓa ido, kamar harshen wuta ko igiyar ruwa ko garken tsuntsaye masu juyawa tare a sama. Wanda ta kama tunaninsa tsayawa yake yi, kuma nan ta sha bamban da *fascinate*, wadda ke tayar da tunani. *Hypnotize* ta biyo baya ta hannun James Braid, likitan fiɗa ɗan Sikotland da ke aiki a Manchester, wanda a littafinsa na 1843 ya ɗauko kalmar Girkanci ta barci domin ya raba abin da da'awar Mesmer.

Kalmomin mamaki ba sai na daɗe a kansu ba, domin kusan duk bugu ne. *Astonish* da *astound* da *stun* ana mayar da su ga kalmar Latin ta tsawa, kamar wanda aradu ta faɗa wa. *Thrill* hudawa ce a tsohon Turanci, dangin abin da ke wutsiyar *nostril*, ƙofar hanci, kuma har yau tana nufin daɗin da ke ratsa jiki ya tayar da tsika. *Dazzle* hasken da ke kashe ido ne, *amaze* kuma ruɗewa, 'yar uwar *maze*, wurin da hanyoyi suka sarƙe har mutum ya ɓata. Ko *delight*, wadda take kamar ba ruwanta, ba ta haɗa komai da *light*, haske, ba. A ƙarni na 16 aka cusa mata *gh* don ta yi kama da *light* ɗin, can ƙasan saiwarta kuwa kalmar Latin ce ta janyo mutum da lallami zuwa tarko.

Me ya sa harshe zai je gidan mugunta ya aro kalmomin daɗi? Abin da na fahimta shi ne daɗi iri biyu ne, kuma nahawun Turanci kansa ya raba su. A cikin *enjoy* da *like* da *admire*, mutum ne aikau, shi ke jin daɗin, shi ke so, linzamin yana hannunsa. A cikin kalmomin da na bi a sama kuwa mutum karɓau ne, abin ne ke aikata masa wani abu, shi ya sa aka fi jin su a siga irin ta *I was captivated* ko *she was enthralled*. Daɗin da ya kai wani matsayi ba ya neman izini, kuma waɗanda suka nemi abin da za su kwatanta shi da shi ba su sami wanda ya dace ba sai lokutan da aka fi ƙarfin mutum. Mu ma da Hausa haka muke yi ba tare da mun lura ba. Muna cewa ta sace masa zuciya, ya ɗauke mini hankali, abin ya tafi da imanina, ya kashe mu da dariya, ta yi mutuwar tsaye, kuma ko kalmar burgewa ɗin kunne yana jin kusancinta da burga. Wannan yana da amfani ga mai fassara. Maimakon ya rufe duk waɗannan kalmomi da "ya burge ni", wadda ta zama bargon kowa, gara ya bi hoton da ke cikin kowacce: *captivate* ta samu sace zuciya, *mesmerize* ta samu shagala, *dazzle* kashe ido, *thrill* tsima, *stunned* mutuwar tsaye.

Wannan rabo na aikau da karɓau shi ne kuma tushen kuskuren da na fi gyarawa a rubutun ɗalibai. Wanda ya rubuta *I am fascinating* alhali yana nufin wani abu ya ja hankalinsa, ya yabi kansa bai sani ba, domin cewa ya yi shi ne abin kallon. *I am fascinated* ya kamata ya ce. Mai kamu *-ing* yake ɗauka, wanda aka kama kuma *-ed*.

Matsalar kalmomi masu kaifi ita ce yawan amfani na dakushe su. *Awe* tsoro ne mai haɗe da girmamawa, ta haifi tagwaye, *awful* ta tafi ga muni, *awesome* ta tafi ga yabo har ta kai ana faɗinta don kawai an amsa saƙo da wuri. Kamfanoni ba sa sanar da komai yanzu sai sun ce *thrilled* suke ko *delighted*, ko da kuwa lokacin buɗe ofis aka sauya. Baturen Ingila in ya ce *Charming!* da wata irin murya bayan an yi masa rashin kunya, baƙar magana ce a nannaɗe, kuma *fascinating* takan zama abin da ake ce wa mai dogon surutu cikin ladabi. Waɗanda suka tsira da kaifinsu su ne waɗanda talla ba ta cika taɓawa ba, irin su *enraptured* da *entranced*. Ni dai a rubutu nakan bar guda ɗaya irin wannan ta yi aiki ita kaɗai a shafi, domin biyu a jere cinye juna suke yi.

Da ɗalibar ta dawo mako na gaba, muka sake zama a kan jimlar. Muka fitar da *fascinated* domin yaran ba su kai ga tambayoyi ba tukuna, muka fitar da *enthralled* domin kowane yaro daƙiƙa kaɗan ya samu a gaban madubin, muka fitar da *bewitched* domin babu wani haɗari a kallon wata. Ni *entranced* na so. Ta ƙi, ta ce yawancin masu karanta mata za su ga *entrance* su tuna ƙofar shiga, tunda rubutunsu ɗaya ne, a furuci kawai ake danna gaɓar farko in ƙofa ake nufi, ta biyu in aikatau ne, takarda kuwa ba ta da murya. Hujjarta ta fi tawa. Ta rubuta *The children stood spellbound*, sannan ta koma sakin layin da ya gabata ta ƙara wani tsoho mai kula da madubin, yana faɗa wa yaran sunayen ramukan watan ɗaya bayan ɗaya, wannan Tycho, wancan Copernicus, domin a cewarta, in dai asalin *spell* labari ne, to dole a sami mai ba da shi.